Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

A goman ƙarshe na azumin 2025, bayan an idar da asham, muna zaune a bencin mai shayin unguwarmu wani ya miƙo waya ya ce mu ga abin da ya rage na babban gidan tarihin Sudan. Kwanaki kaɗan ke nan da sojojin gwamnati suka ƙwace tsakiyar Khartum daga hannun dakarun RSF da ke yaƙi da su, waɗanda suka riƙe ginin tun watan Yuni na 2023. Mai ɗaukar bidiyon yana tafiya, gilashi yana ƙara a ƙarƙashin takalminsa. Akwatunan nuni duk wayam. Ɗakin da ake ajiye zinariyar sarakunan Kush, tsohuwar daular Sudan, an fasa shi an share. A tsakiyar zauren kuwa ga mutum-mutumin Sarki Taharka, wanda ya mulki Sudan da Masar a haɗe daga shekara ta 690 zuwa 664 kafin haihuwar Annabi Isa, yana tsaye shi kaɗai. Ba tausayinsa aka ji ba. Nauyi ya yi musu.

Mutum biyu suka yi magana, kuma maganarsu ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Malam, wanda ke koyarwa a islamiyyar bayan layinmu, ya ce: "Kai ma dai. Mutane miliyan nawa suka bar gidajensu, yara na mutuwa da yunwa a Darfur, kai kuma gumaka ne suka dame ka?"

Alhaji, ɗan kasuwa ne da ya ga duniya, ya kurɓi shayinsa ya ce: "Ni abin da na gani daban ne. Kullum kuna ihu Turawa su dawo mana da kayan masarautar Benin ta jihar Edo. To ga shi nan. Da Bature ya kwashe waɗannan tun tuni, da yanzu suna Landan lafiya lau."

Maganar Malam ba ta da wuyar amsawa, don ban taɓa cewa tulu ya fi rai ba. Da za a ce in zaɓa tsakanin yaro ɗaya na El Fasher da duk abin da ke cikin ginin nan, ba zan tsaya tunani ba. Amma ai ba wanda ya ba mu wannan zaɓin. Hannun da ya fasa akwatin nuni shi ne ya fasa gidajen mutane, kuma kuɗin da aka samu a kayan ba abinci ya saya wa kowa ba. Sannan ba mutum-mutumi kaɗai abin ya shafa ba. An wawashe Gidan Khalifa da ke Omdurman, inda aka adana kayan zamanin Mahadi, an kuma lalata fadar Sarki Ali Dinar a El Fasher. A Timbuktu a farkon 2013 littattafan malamai ne aka cinna wa wuta a cibiyar Ahmad Baba. Su kansu 'yan ISIS da suka yi bidiyo suna farfasa gumaka da guduma a gidan tarihin Mosul a 2015, a bayan kyamara haraji suke karɓa a wurin masu haƙo kayan tarihi suna sayarwa. Abin da ya yi musu girman ɗauka suka fasa da sunan addini, mai shiga aljihu kuwa ya tafi kasuwa.

Maganar Alhaji ce mai ƙashi, kuma ita nake ji a bakin masu ilimi da yawa. Kafin in zo kanta sai na bi ta Bagadaza, domin a can ne aka fi bin diddigin yadda irin wannan sata take gudana, ɗaki bayan ɗaki.

Sojojin Amurka sun shiga tsakiyar Bagadaza ranar 9 ga Afrilu, 2003. Daga 10 zuwa 12 ga wata aka yi ta shiga gidan tarihin ƙasar Iraƙi ana fita da kaya. Da farko an yayata cewa abubuwa 170,000 aka sace, daga baya lissafi ya tsaya a wajen 15,000. Tun watan Janairu masana irin su McGuire Gibson na Jami'ar Chicago suka je ma'aikatar tsaron Amurka suka yi gargaɗi. Akwai ma takardar da ofishin da aka ɗora wa shirin mulkin bayan yaƙi ya rubuta, mai jerin wurare 16 da ya kamata a tsare, gidan tarihin yana na biyu, ma'aikatar man fetur tana ta ƙarshe. Ma'aikatar man aka girke wa sojoji. Tankokin yaƙi ba su tsaya a ƙofar gidan tarihi ba sai ranar 16 ga wata. Don adalci, gaskiya ne mayaƙan Iraƙi sun yi harbi daga harabar ginin a kwanakin farko, to amma harbin ya ƙare, ma'aikata sun je sun roƙa, aka bar su da alkawari. Da aka tambayi sakataren tsaro Donald Rumsfeld game da wawason da ake yi a birnin, sai ya mayar da abin raha, wai hoton mutum ɗaya ɗauke da tulu ake ta maimaitawa a talabijin, anya ƙasar tana da tuluna masu yawa haka?

Wanda ya jagoranci binciken, Kanar Matthew Bogdanos, mai gabatar da ƙara ne a New York kafin a kira shi fagen daga, kuma da idon ɗan sanda ya kalli wurin. Ya gano ɓarayi iri uku ne. Akwai 'yan wawaso na unguwa, waɗanda suka afka ɗakunan ajiya suna share kanta da hannu cikin buhu, na gaske da jabu duk ɗaya a wurinsu, har kujeru da na'urorin ofis suka kwasa. Akwai waɗanda suka shiga zaurukan nuni suka wuce kwafi ba su ko kalle shi ba, suka ɗauki abubuwa kusan 40 mafi daraja. Waɗannan sun san abin da suka zo nema, watau akwai wanda ya gaya musu. Sai na uku, waɗanda suka gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa ta wata ƙofa da ba kowa ya san da ita ba, riƙe da makullan da ma'aikaci kaɗai zai san maɓoyarsu.

Waɗannan na ukun labarinsu ya fi tsaya mini a rai. Babu wutar lantarki, ɗakin duhu ƙirin. Suka miƙe kai tsaye zuwa kusurwar da ake ajiye tsabar kuɗin zinariya da azurfa na dā da hatiman dutse mafi kyau. A cikin gaggawa makullan suka suɓuce, suka faɗa cikin wani akwatin roba. Suka riƙa cinna wa soson da ake naɗe kaya wuta don su gani, suna jefar da akwatuna suna lalube, har hayaƙin ya kore su. Kabad ɗin suka tsira a kulle. Duk da haka sun fita da ƙananan abubuwa kusan 10,000 da ke cikin akwatunan da ke kai, ciki har da hatimai wajen 5,000. Hatimin nan ɗan dutse ne mai siffar ganga, bai fi gaɓar yatsa ba, an sassaƙa masa zane a jiki, ana mirgina shi a kan ɗanyen yumɓu ya bar sa hannun mai shi. Bogdanos ya ce duka abin da aka ɗauka a ɗakin zai shiga babbar jakar goyo guda ɗaya.

To ku duba abin da ya dawo da abin da bai dawo ba. Tulun Warka, na farin dutse, tsayinsa wajen mita ɗaya, shekarunsa kusan 5,000, wasu samari ne suka kawo shi cikin mota a watan Yuni, a farfashe, bayan an yi shelar afuwa ga duk wanda ya maido da kaya, limamai kuma suna ta jan kunne a masallatai. Fuskar mace ta Warka an tono ta a wata gona a watan Satumba. Mutum-mutumin tagulla na Bassetki, mai ɗauke da rubutun Sarki Naram-Sin, a ramin masai aka same shi a watan Nuwamba, an shafe shi da giris. Na Sarki Entemena, wanda ɓarayin suka gangaro da shi ta matakala har ya farfasa ta, ya bi ta Siriya, aka yi wa wani dillali a New York tayinsa, a 2006 ya shiga hannun hukuma. Me ya haɗa su? Duk duniya ta san fuskarsu. Suna cikin littattafan makaranta, suna da hoto da lamba. Ɓarawo ya ɗauka ya rasa inda zai kai. Hatiman nan kuwa da sauran ƙananan kaya, dubbai daga cikinsu har yau shiru. Ba ƙasa ce ta haɗiye su ba. Suna cikin aljihun tebur da akwatin gilashi na wasu mutane masu kuɗi, a biranen da ba a jin ƙarar bindiga.

Nan ne na rabu da Alhaji. Yana magana kamar akwai duniya biyu da ba su haɗu ba, ta mahaukata masu fasa gidan tarihi da ta masu hankali da ke adanawa. Kasuwa ɗaya ce, wancan yana bakin rami, wannan yana bakin kanta. Yaron da ke riƙe da bindiga a Khartum bai san Taharka ba, bai kuma damu ba. Abin da ya sani shi ne akwai wanda zai biya, shi ma wancan akwai wanda zai biya shi ninki goma a ƙetaren iyaka, har a kai ga mai kwat da zai rubuta wa abin salsalar ƙarya, ya ce gadon wani tsohon Bature ne da ya saya tun shekarun 1960. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ba zargi ne na iska ba, kotu ta tabbatar. A 2010 kamfanin Hobby Lobby na Amurka ya sayi allunan yumɓu da hatimai na Iraƙi fiye da 5,500 a kan dalar Amurka miliyan 1.6, duk da wata masaniya da su da kansu suka nemi shawararta ta gargaɗe su. Aka riƙa aiko da kayan ta Hadaddiyar Daular Larabawa da Isra'ila, an rubuta a jikin kwali wai samfurin tayil ne. A 2017 aka ci su tarar dala miliyan 3, aka ƙwace kayan. A 2014 kuma sun sayi wani allo ɗan ƙarami mai ɗauke da wani yanki na labarin Gilgamesh, wani sarki na zamanin dā, ta hannun kamfanin gwanjo na Christie's, a kan dala miliyan 1.67, da takardar asali wadda daga baya aka gano ƙirƙirarriya ce. A 2021 ya koma Iraƙi, a shekarar da Amurka ta mayar da abubuwa kusan 17,000. Tarar miliyan 3 ga kamfanin da ke cinikin biliyoyi, kuɗin goro ne. Ba wanda ya kwana a gidan yari daga cikin masu sayen.

Akwai wurin da Alhaji zai iya kama ni, kuma gara in faɗa da kaina. A 1834 wani Ba'italiye, Giuseppe Ferlini, likita a rundunar Masar da ke mamaye da Sudan a lokacin, ya je Meroe, tsohon birnin sarakunan Kush, ya rushe kawunan gine-ginen dala da dama yana neman zinariya. (Mu nan in an ce dala, ta gyaɗa muke tunawa. Sudan tana da na dutse fiye da 200, sun fi na Masar yawa.) Ya samu kayan adon Sarauniya Amanishakheto, ya kai Turai ya sayar. Yau suna Munich da Berlin, ba abin da ya same su. Zinariyar da ta rage a Khartum kuwa ita ce aka share, kuma abin tsoro game da zinariya shi ne ana iya narkar da ita. To ba shi ke nan Alhaji ya yi gaskiya ba?

Bai yi ba. Wanda ya rushe kabari ya ɗauki abin wuya, ba za a kira shi mai ceto ba don abin wuyan ya tsira a hannunsa. Kuɗin da sarakunan Jamus suka biya Ferlini shi ya sanar da duk mai gatari cewa ƙasar Sudan akwai abin sayarwa a cikinta. Sannan "lafiya lau" ɗin da ake faɗa ta Turai, wace Turai? Wadda a Mayun 1945 gobara ta cinye zane-zane fiye da 400 na gidajen tarihin Berlin a cikin hasumiyar da aka ɓoye su? Wadda zanen saurayi na Raphael, da Jamusawa suka ɗauke daga Krakow ta ƙasar Poland, har yau ba a san inda yake ba? Wadda a ƙarshen 2022 sojojin Rasha suka loda zane-zane wajen 10,000 na gidan tarihin Kherson da ke Ukraine a manyan motoci suka yi Kirimiya da su? Ko a zaman lafiya, a 2023 gidan tarihin Birtaniya ya amsa cewa abubuwa kusan 2,000 sun ɓace ko sun lalace a ma'ajiyarsa, wasu an gan su ana sayarwa a shafin cinikin intanet na eBay, da yawa ba a ma taɓa shigar da su rajista yadda ya kamata ba, har shugaban wurin ya ajiye aiki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Turawa sun san amsar wannan tambaya sarai idan kayansu ne. A ƙarshen 1945 gwamnatin Amurka ta ba da umarni a kwaso zane-zane 202 na gidajen tarihin Berlin a kai Washington, da hujjar Alhaji sak: Jamus ta zama kufai, a can za su fi samun kulawa. Jami'an sojan Amurka da ke kula da kayan a Wiesbaden, su fiye da 20, suka rubuta takardar ƙin amincewa suka sa hannu, suna cewa Jamusawa ma da sunan adanawa suka yi tasu satar, kuma ba ƙullin da ke daɗewa a zuciyar al'umma kamar a ɗauke mata gadonta. An dai tafi da zanen, amma zuwa 1949 duk sun koma. Jamus fa, ƙasar da ta tayar da yaƙin, ta wawashe rabin nahiyar. Shekara huɗu aka yi aka mayar mata. Benin, da sojojin Ingila suka ƙone a 1897, sai a 2022 Jamus ta miƙa mata mallakar abubuwa fiye da 1,000, Holan ta kawo 119 a 2025, wajen 900 kuma suna nan a Landan ana ta kawo dalilai.

Doka ma akwai ta. Yarjejeniyar Hague ta 1954 ta ɗora wa duk wanda ya mamaye ƙasa alhakin hana sata da wawaso, ƙarin da aka yi mata ya ce ya hana fitar da kayan, ya mayar in yaƙi ya ƙare, kuma ba a riƙe su a matsayin diyyar yaƙi. Amurka ba ta shiga cikinta sosai ba sai 2009, Birtaniya sai 2017. Abin da na ga ya yi aiki da gaske shi ne wanda ya taɓa aljihun mai saye: ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1483 na Mayun 2003, da ya haramta cinikin duk wani kayan tarihin Iraƙi da aka fitar tun daga Agustan 1990. Irinsa nake so in gani a kan Sudan, kuma ƙasashen Afirka ne ya kamata su tsaya kai da fata a kansa. UNESCO ta yi kira ga 'yan kasuwar a Satumban 2024 da su guji kayan Sudan, bayan rahotannin an ga manyan motoci suna fita da kaya daga ginin, abin da RSF ta musanta. Kira dai roƙo ne, dillali ba ya jin roƙo.

Kada mu ɗauka abin na nesa ne. Sudan hanyar hajjin kakanninmu ce, akwai Hausawa da Fulani da suka yi zuriya a can, garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Kuma mu ma muna da abin da kasuwar nan ke so. A shekarun 1990 an yi ta haƙe kawunan yumɓu na Nok ana fitarwa, ba tare da wata mamaya ba, har wasu suka bayyana a gidan tarihin Louvre a shekara ta 2000.

Na taɓa raka 'yan makaranta wani gidan tarihi a nan Arewa. Mai zagayawa da mu dattijo ne, ya san kowace tukunya da kowane takobi kamar 'ya'yansa. Na ce, "Baba, duk waɗannan akwai hotonsu a ajiye?" Ya jawo wani babban littafi daga kabad, bangonsa ya saɓule, gara ta ci gefe, an rubuta lambobi da biro. Ya ce shi ne rajista, kuma kwafi ɗaya ne. Na tambaye shi in wani abu ya faru fa, ya ce, "Ɗana, ai ina nan." Irinsa ne suka ceci abin da aka ceta a ko'ina. A Bagadaza ma'aikata biyar ne suka kwashe abubuwa fiye da 8,000 kafin yaƙin suka ɓoye, suka yi rantsuwa da Alƙur'ani ba za su faɗi wurin ba, ba su kuma faɗa ba sai da ƙura ta lafa. A Paris wata ma'aikaciya, Rose Valland, ta yi shekara huɗu tana aiki a tsakiyar 'yan Nazi a Jeu de Paume, gidan tarihin da suke tara zane-zanen da suka ƙwace, ba su san tana jin Jamusanci ba, tana rubuta wane zane aka ɗauka, wane jirgin ƙasa, ina ya nufa. Da takardunta aka bi sawun dubbai. Amma Baba ya haura sittin, littafinsa kuma ashana ɗaya ta ishe shi. Ɗaukar hoton kowane abu ta fuska huɗu, da awonsa da lambarsa, a ajiye kwafi a wurare uku, aikin wayar hannu ne da ɗalibai goma a hutun dogon zango. Bai kai kuɗin motar rakiya ɗaya ta gwamna ba.

Na kawo wa Alhaji duk wannan a daren, ko da yake ba a jere haka ba. Ya ce ya ji, amma shi dai har yanzu in an ba shi ajiya ya fi yarda da Landan. Malam ya miƙe ya ce zai je ya ɗan runtsa kafin tahajjud. Mai shayi, wanda duk tsawon gardamar bai ce uffan ba, yana fifita gawayi, sai ya juyo.

"Yallaɓai, nawa ka ce an sayi allon nan na yumɓu?"

Na ce dala miliyan ɗaya da dubu ɗari shida da saba'in.

Ya ajiye mafici. Ya ce a ƙauyensu in ana huɗa bayan ruwan farko, garma takan tono wasu kawuna na ƙasa masu huda a ido, yara su yi ta wasa da su har su fashe. Ya ɗan yi shiru, sannan ya tambaye ni ko na san wanda ke saye.